RA'AYINMU: Gem Ɗin Da Ba A Kashe Kowa A Cikinsa



Duk wanda ya ce "gem" a makarantar nan, abu biyu ne ke faɗo wa mutane a rai: ƙwallo ko bindiga. Ko dai eFootball, ko kuma Free Fire da PUBG, inda ake zuba mutum 50 ko 100 a tsibiri ɗaya a ce su yi ta harbin juna har sai an bar mutum ɗaya ko ƙungiya ɗaya a tsaye. Shi ya sa idan malami ya tsaya a asambuli ya ce gem yana lalata tarbiyya, ba mu cika samun bakin musu ba. To amma akwai wani gem da babu bindiga a cikinsa, babu takobi, ko mari babu. Sunansa Sky: Children of the Light. Wasu daga cikinmu 'yan kulob mun buga shi a lokacin hutu a wayoyin yayyenmu, kuma mun daɗe muna gardama a kansa kafin mu tsaya a kan magana ɗaya. Maganar ita ce: cire faɗa daga gem ya gyara abubuwa da yawa, fiye da yadda muka zata, amma bai taɓa babbar matsalar ba, wato cin lokaci da cin kuɗi.

Wani kamfani ne mai suna thatgamecompany da ke jihar Kalifoniya a Amurka ya yi shi. Jagoransu Jenova Chen haifaffen birnin Shanghai ne na ƙasar Sin. Sun fara fitar da shi a iPhone a watan Yulin 2019, a wannan shekarar kuma kamfanin Apple ya zaɓe shi gwarzon gem na iPhone. Ya iso wayoyin Android a watan Afrilun 2020, daga baya ya shiga Nintendo Switch da PlayStation da kwamfuta. Sauke shi kyauta ne. Ku riƙe wannan kalma ta "kyauta", za mu dawo kanta.

A cikin gem ɗin kai ƙaramin yaro ne mai alkyabba, riƙe da kyandir. Alkyabbar ita ce fukafukanka, da ita kake tashi sama. Duniyar da kake yawo a ciki wata tsohuwar masarauta ce da ta rushe a tsakiyar gajimare, kuma ta kasu yanki bakwai. Za ka fara daga wani tsibiri mai rairayi da asuba, ka wuce makiyaya mai koriyar ciyawa da hantsi, ka shiga daji mai ruwan sama, ka gangara wani kwari mai ƙanƙara inda ake tseren sulu, ka faɗa wani kufai mai duhu, ka hau wata doguwar hasumiyar ajiye ilimi da dare, sannan ka isa dutsen ƙarshe mai guguwa. Idan ka lura za ka ga tafiyar tana bin yini guda ne, daga fitowar alfijir zuwa tsakar dare. Aikinka shi ne ka nemo ruhohin mutanen da suka taɓa zama a wuraren, ka bi su ka ga abin da ya same su, su kuma su koya maka wani motsi, kamar ɗaga hannu, ko nuni da yatsa, ko rusunawa. A hanya kana tsintar wasu yara masu ƙyalli da aka ɓoye a lunguna da saman duwatsu. Duk wanda ka taɓa zai ƙara wa fukafukanka ƙarfi, ka ƙara nisan tashi.

Shi ke nan aikin. Da muka bayyana wa wasu 'yan ajinmu haka, dariya suka yi, suka ce wannan ai yawon banza ne, wasu ma suka ce wasan mata ne. (Matan kulob ɗin nan sun ce a rubuta cewa wannan ba zagi ba ne, kuma an rubuta.) Masu wannan magana ba su kai yanki na biyar ba. A can akwai wasu baƙaƙen dodanni dogaye da ke shawagi a sama, kowanne da ido ɗaya mai haska ƙasa kamar tocila. Hasken shuɗi ne. Da zarar ya sauka a kanka sai ya koma ja, ka ji sauti ya canza, kuma idan ba ka samu inda ka laɓe ba cikin 'yan daƙiƙu, dodon zai sheƙo ya buge ka, fukafukan da ka sha wahalar tarawa su watse. Ba ka da abin ramawa. Babu madannin duka a fuskar wayar gaba ɗaya. Iyakar abin da za ka iya shi ne ka karanci zagayen dodon, ka ƙirga, ka ruga daga wannan kango zuwa wancan. Wasan ɓuya ne, irin wanda muka sani tun muna firamare, sai dai mai neman naka ba ya wasa. Mun buga Free Fire, mun san bugun zuciyar da ake yi idan da'ira ta matse, amma a can ko ba komai kana da bindiga a hannu. A nan hannunka kyandir ne kawai.

Ko a dajin ruwan sama haka ne. Ruwan yana cinye haskenka a hankali, dole ka riƙa gudu daga wannan mafaka zuwa waccan kana neman wuta. Akwai kuma wasu baƙaƙen ƙaguwoyi masu tunkuɗe mutum, su ma ba a kashe su, sai dai ka yi kira mai ƙarfi su kife a bayansu ka samu ka wuce. Saboda haka duk wanda ya ce gem marar faɗa ba shi da tsoro ko ƙalubale, muna gayyatarsa ya ƙetare kufan nan shi kaɗai tukuna, sannan ya zo mu yi magana.

Abin da ya fi burge mu shi ne yadda gem ɗin yake sa ka ɗauki baƙo. Ana buga shi ne a intanet tare da mutane daga ko'ina a duniya, har mutum takwas a wuri ɗaya. Wanda ba ka sani ba yana bayyana ne kamar inuwa mai ruwan toka, ba fuska, ba suna. Idan kana son ganinsa sai ka miƙa kyandirinka, shi ma ya miƙo nasa, wuta ta haɗu, sai kamanninsa su fito. Idan haskenka ya ƙare ka kasa tashi, tsayawa kusa da wani yana cika maka shi. Idan kun zama abokai kuna iya riƙe hannu, wanda ya san hanya ya ja wanda bai sani ba, su tashi tare. Akwai ƙofofin da ba sa buɗuwa sai mutum biyu sun haɗu, akwai wata a hasumiya mai neman mutum huɗu, akwai wani wuri a makiyaya da sai an cika takwas cif. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma a nan ba a kan allo aka rubuta maka ba, ƙofar ce kawai za ta ƙi buɗuwa har sai ka tsaya ka jira wani.

Ku kwatanta da gem ɗin harbi. A can idan ka hango wani daga nesa, tunaninka na farko shi ne ka riga shi. A Sky idan ka hango wani daga nesa, musamman a cikin ruwan sama haskenka na shirin mutuwa, murna kake yi. Sabbin shiga duk alkyabbarsu ruwan ƙasa ce, ana gane su nan take, kuma al'ada ce a gem ɗin tsofaffin 'yan wasa su kama hannun sabon shiga su zagaya da shi su nuna masa inda abubuwa suke. Kusan kowannenmu an yi masa haka. Ba mu san sunayensu ba, ba mu san ƙasarsu ba, wataƙila ko yare ɗaya ba ma ji. Ba a kuma buƙatar yaren, domin labarin gem ɗin kusan duk da hoto da motsi ake ba da shi. Wanda Turancinsa bai nuna ba zai fahimci abin da ɗan Japan ya fahimta. Idan aka gama sai ka rusuna, shi ma ya rusuna, kowa ya kama gabansa.

Wannan ba haka kawai ya faru ba, tsara shi aka yi. Kafin Sky, kamfanin ya yi wani gem mai suna Journey a 2012, shi ma na tafiya ne a hamada ba tare da faɗa ba. Jenova Chen ya sha ba da labarin cewa lokacin da suke gwada shi, sun ba 'yan wasa damar taɓa juna don su taimaki juna, sai masu gwajin suka koma tura juna cikin halaka suna dariya. Maimakon su rubuta doka, sai suka cire damar turawar gaba ɗaya, suka bar abubuwan taimako kawai. A ganinmu nan ne darasin yake ga masu cewa gem duk ɗaya ne. Mutum yana yin abin da wasa ya ba shi lada a kai. Idan maki na wanda ya fi kisa ne, za a yi kisa. Idan hanya ba ta buɗuwa sai da taimako, za a yi taimako, ko da mutumin nan jiya a PUBG ya kwana. Mu da ba a rasa labarin bindiga a rediyon gidajenmu, ba ƙaramin hutu ba ne a samu wuri ɗaya da ba a jin ƙararta.

Wanda bai son a ɓata masa ƙarshen labari ya tsallake wannan sakin layi. Ba a shiga yanki na bakwai sai ka tara fukafukai aƙalla 20. Kana hawa iska na tura ka, duwatsu na faɗo maka, har ka isa inda wasu yara suka daskare suka zama dutse. Abin da ake so ka yi shi ne ka riƙa ba kowannensu fiffike ɗaya daga cikin naka, ɗaya bayan ɗaya, har naka su ƙare ƙaf, kai ma ka faɗi. Duk abin da ka kwana kana tarawa, a nan za ka rabar da shi. Ba mu taɓa ganin gem ɗin da nasararsa ita ce ka fita hannu rabbana ba sai wannan. Daga nan sai a nuna yaron ya bi ta cikin taurari an sake haifar sa ya koma farko. A nan dole mu ce wani abu. Maganar ruhohi masu komawa taurari da mutuwa a sake dawowa duniya ba aƙidarmu ba ce, ƙagaggen labari ne na waɗanda suka yi gem ɗin. Mu mun ɗauke shi kamar tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, wadda ba wanda ya taɓa cewa gaskiya ce. Amma ƙanin da bai kai ya bambance ba, bai kamata a miƙa masa waya a tafi a bar shi ba, kuma idan wani uba ya ce saboda wannan ba ya so a buga a gidansa, yana da hujjarsa.

To, zuma ga zaƙi ga harbi. Mu koma kan kalmar nan ta "kyauta".

Labarin gem ɗin gaba ɗaya ana iya gama shi a 'yan awanni. Kamfani kuwa ba zai ci abinci da wanda ya buga na kwana biyu ya goge ba. Saboda haka sai suka mai da kyandir ya zama kuɗin cikin gem. Da kyandir ake sayen sabuwar alkyabba, da gyaran gashi, da abin rufe fuska, da kayan kiɗa. Da shi ake ƙulla abota, da shi ake buɗe damar rungumar aboki ko yin hira da shi a rubuce. Hanyar samunsa ita ce ka zagaya yankunan nan kana kunna kyandirorin da aka jera kana tattara haskensu. Kuma kullum ana sake jera su. Wato wuraren da ka gani jiya ka yi mamaki, yau za ka koma, gobe ka koma, jibi ka koma, ba don kallo ba, don tara. Cikakken zagaye yana cin awa ɗaya ko fiye. A mako na farko kana tsayawa ka kalli yadda rana ke faɗuwa a kan ƙanƙara. A mako na uku ko ɗaga kai ba ka yi, ka haddace hanya kamar mai tallan da ya san layin da ake saye. Gem ɗin da aka gina don yawon buɗe ido ya koma aikin gayya da ba a tashi.

Ba a nan ya tsaya ba. Kullum akwai ƙananan ayyuka huɗu da ake bayarwa. Akwai abubuwan da ke faruwa duk bayan awa biyu, masu ba da haske da yawa, waɗanda ke sa mutum ya riƙa duba agogo. Akwai ruhu mai ziyara da ke zuwa duk bayan mako biyu ya yi 'yan kwanaki ya tafi da kayansa, idan kyandirinka bai kai ba sai ka jira wani lokacin da ba ka sani ba. Akwai kuma zango-zango, kamar zangon karatunmu, kowanne da sabon labari da sababbin kaya, irin wanda suka yi a 2021 a kan littafin nan na Faransa, The Little Prince. Rabin kayan zango ba ka samunsu sai ka sayi tikiti na kusan dala 10, kuma ko ka saya sai ka riƙa shiga kusan kullum kafin ka kwashe su. Ku lissafa dala 10 da canjin yau, ku raba da kuɗin tara da ake ba ku, ku ga kwana nawa za ku yi ba ku ci ko awara ba. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Wani abin da muka gano ya ba mu dariya, ya kuma ba mu haushi. Sabuwar ranar gem ɗin tana farawa ne da ƙarfe 12 na dare agogon Kalifoniya. A nan Najeriya ya kama ƙarfe 8 ko 9 na safe, gwargwadon lokacin shekara. Wato daidai lokacin da malamin lissafi yake rubuta kwanan wata a kan allo, a can an sake jera kyandirori. Ba a zuwa da waya makaranta, gaskiya ne, amma ana zuwa da zuciya. Wanda ya saba da zagayen nan, jikinsa na aji, hankalinsa na gajimare.

Wannan shi ne abin da ya fi damun mu, domin ya ci karo da abin da gem ɗin ke koyarwa. Labarinsa yana cewa ka bayar da komai, shagonsa yana cewa ka tara komai. A dandalin da 'yan wasa ke haɗuwa za ka ga masu alkyabbar kuɗi suna jeka-ka-dawo, sabon shiga mai ruwan ƙasa yana bin su da kallo. Babu wanda ya harbe shi, amma an sa masa jin cewa shi ba kowa ba ne. Mun san wannan kallon, irin na ranar sallah ne idan wani ya fito da shadda wani da yadin bara. Dodon kufai idan ya buge ka za ka sake tara fukafukanka a yini ɗaya. Kyandir kuwa a hankali yake cin awanninka, da kiɗa mai daɗi, ba jan haske ba gargaɗi. Mai buga gem ɗin harbi aƙalla idan aka leƙa wayarsa an san abin da za a yi masa faɗa a kai. Mai buga Sky idan aka leƙa sai a ga gajimare da malam-buɗe-littafi, a ce yaron kirki, alhali aikin gida na nan a jaka ba a taɓa ba.

Sauran matsalolin kowa zai iya hasashensu. Ba ya buɗuwa sai da intanet, daga farko har ƙarshe, idan sabis ya yi rauni sai ka ga abokin da ke riƙe da hannunka ya ɓace ka faɗo. Girmansa ya haura gigabait ɗaya, ƙananan wayoyi suna zafi suna sarƙewa, caji kuma yana zuba kamar an huda tulu, ga wuta ba kullum ba. Juya kyamara da yatsa yayin tashi yana da wuya, sau da yawa za ka nufi taga ka daki bango. Kuma da yake ba a cika gaya maka inda za ka ba, wanda ya saba a nuna masa kibiya zai ɓata ya gaji ya goge. Mu wannan na ƙarshen ba mu ɗauke shi aibi sosai ba, ɓatan ma wani ɓangare ne na daɗin, amma biyu daga cikinmu a nan suka tsaya.

Sai maganar hira. Akwai bencina a wasu wurare da idan ka zauna da baƙo za ku iya rubuta wa juna magana. Yawancin mutanen da muka haɗu da su masu kirki ne, amma inuwar nan mai kama da yaro tana iya zama babban mutum ɗan shekara arba'in. Taushin gem yana sa mutum ya saki jiki fiye da yadda zai saki a inda ake zage-zage. Kada a ba kowa lambar waya, ko hoto, ko sunan unguwa da makaranta, komai yawan ƙofofin da ya taya ka buɗewa.

Ga 'yan uwa ɗalibai, shawararmu ita ce wanda ya samu dama a lokacin hutu, da izinin mai wayar da sanin iyaye, ya buga shi daga tsibirin farko zuwa dutsen ƙarshe sau ɗaya. Ya cancanci wannan. Ya tsaya ya kalli wurare, ya kama hannun wani, ya ji tsoron dodo. Idan ya kai ƙarshe ya rabar da fukafukansa, to ya ga abin da aka zo gani, alkyabba ruwan ƙasa ma tana tashi daidai da ta kuɗi. 'Yan aji uku masu jiran jarrabawar kammala ƙaramar sakandare kuwa, ku bari sai kun ajiye biro, gajimaren ba inda za shi.

Ga malamanmu, muna roƙo da ladabi: idan za a yi mana nasiha a kan gem, a riƙa tambayar wanne ne, kuma awa nawa. "Akwai harbi a ciki?" tambaya ce mai kyau, amma Sky zai amsa ta da "a'a" ya wuce salin alin. Tambayar da za ta kama shi ita ce, "Me zai faru idan ba ka shiga gobe ba?" Idan ɗalibi ya fara lissafo abin da zai rasa, to an samu inda matsalar take.

'Yan Free Fire na aji biyu sun riga sun ce za su mayar da martani. Allon nan na kowa ne. A rubuta da kyakkyawan rubutu a fallen takarda, a miƙa wa sakataren kulob kafin ranar Alhamis.